Shin Dole Sai Turancin Mutum Ya Yi Daidai? Fashin Baƙi Kan Nahawu, Rubutun Kalma Da Waƙafi

In dai an gane abin da mutum ke nufi, mene ne na damuwa da kuskuren Turancinsa? Ko kuwa sakaci da ƙa'ida ne ke jawo mana koma-baya ba mu sani ba? Tambayar ta daɗe ana ja-in-ja a kanta, amma ta ƙara zafi tun watan Nuwamban 2025, lokacin da ministan ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar cewa gwamnatin tarayya ta soke tsarin koyar da yara da harshen uwa, Turanci ne zai zama harshen koyarwa tun daga ajin farko. Tsarin da aka soke ɗin a 2022 aka amince da shi, zamanin tsohon ministan ilimi Malam Adamu Adamu, kuma ya tanadi a karantar da yaro da harshen gidansu tsawon shekara shida na firamare.

A Sakkwato maganar ba ta tsaya a aji ba. Wani ya rubuta ra'ayinsa a Facebook da Turanci, sai ka ga an bar abin da ya faɗa an koma kan harafin da ya tsallake. Wani kuma ya taso yana cewa ai Turanci ba harshen ubansa ba ne, kowa ya rubuta yadda ya ga dama. Ni dai a ganina duka biyun sun bar inda matsalar take. Kuskuren da ake taruwa a yi wa dariya yawanci ba ya cin kowa ko sisi. Wanda ke cin kuɗi da lokaci, wani sa'in har da lafiya, shi ne wanda ba mai lura da shi sai ya riga ya yi ɓarna.

Me ake nufi da Turanci "daidai"?

Abu uku ake cakuɗawa wuri guda. Akwai nahawu, wato yadda ake jera kalmomi su ba da jimla: wa ya yi, me ya yi, yaushe. Akwai rubutun kalma, wato waɗanne haruffa ne kuma wanne ke gaba. Sai alamomin rubutu, su aya da waƙafi da ayar tambaya. Lafazi, wanda shi aka fi yi wa Bahaushe gori a kai saboda rikicin "p" da "f", ba ya cikin ukun nan, don a takarda ba a jin sa.

Wa ya kafa ƙa'idar? Faransanci na da majalisar da ke kula da shi tun 1635. Turanci ba shi da irin wannan hukuma. Ƙa'idarsa ta taru ne a hankali daga maɗaba'a da ƙamus da makaranta. William Caxton ya kafa injin ɗab'i a Ingila a 1476, rubutun kalmomi ya fara tsayawa wuri ɗaya alhali furucinsu na ci gaba da sauyawa a bakin mutane. Samuel Johnson ya fitar da ƙamus ɗinsa a 1755, Noah Webster ya fitar da na Amurka a 1828 ya rage wasu haruffa, shi ya sa Ingila ke rubuta "colour" Amurka na rubuta "color", kuma kowanne daidai ne a gidansu. Harshen na da haruffa 26 amma sautukansa sun kai kimanin 44. Saboda haka yaron Gwadabawa da ya rubuta kalma yadda ya ji ta a kunne ba daƙiƙi ba ne. Dabarar da ke yi masa aiki a Hausa ya ɗauko, ita kuwa ba ta aiki a Turanci.

Ita kanta ƙa'idar ba a zaune take ba. A farkon 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Najeriya, ciki har da "okada" da "Kannywood" da "next tomorrow", wadda malamai suka shekara suna ja wa jan biro. Bayan shekara biyar ya ƙara wasu 20, har da "suya" da "japa". Kenan akwai bambanci tsakanin kuskure da salon ƙasa. Wanda ya ce "I am coming" yana fita daga ɗaki, "ina zuwa" ya faɗa, kuma daga Illela har Fatakwal babu wanda zai kasa gane shi.

Me ya sa abin ke da zafi a Sakkwato?

Garin nan ya san nahawu tun kafin ya san Bature. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi manyan waƙoƙi na Larabci a kan nahawu da sarfu, almajirai kuma har yau suna haddace Ajurumiyya da Alfiyyar Ibnu Malik a zaure. Duk wanda ya zauna gaban malami ya san nauyin kalmar "lahani": ka ɗora wasali inda ba wurinsa ba, ma'anar aya ta juya. Wanda ya tashi cikin wannan tarbiyya ba zai taɓa yarda cewa ƙa'idar harshe wasa ce ba. Sai dai a lura, tsananin da ake yi a karatun Alƙur'ani ba a yin sa ga Balaraben da ke ciniki a kasuwa. Malamai sun san kowane wuri da irin nasa.

Turanci kuwa da bindiga ya shigo, a watan Maris na 1903, daga baya ya zama harshen ofis da albashi. 'Yan ƙalilan da suka samu shiga Kwalejin Katsina, irin su Sardauna Ahmadu Bello wanda ya dawo ya koyar a makarantar Midil ta Sakkwato, an horar da su da Turanci mai tsabta ƙwarai. Har yau ana sauraron jawaban Abubakar Tafawa Ɓalewa ana jinjina kai. Daga nan aka gaji tunanin cewa iya Turanci shi ne ilimi. Amma garin da ya yi Waziri Junaidu, wanda ya riƙe waziranci daga 1948 har rasuwarsa a 1997, ya bar tarin littattafai da Larabci, jami'a kuma ta karrama shi da digirin girmamawa, bai kamata a ce yana auna hankalin mutum da Turancinsa ba.

Akwai kuma tabon makaranta. Da yawa cikinmu sun yi zamanin da ake rubuta sunan mai yin "banakula" a aji, a ci shi tara ko ya sha bulala. Abin da yaro ya koya daga nan shi ne yin shiru. Hausa laifi, Turanci kuma in ya kwafsa a yi masa dariya, to wanne zai yi?

Ga wani abin da Basakkwace ya fi kowa sani. Daidaitacciyar Hausa a kan karin Kano aka gina ta. Yaron da ya tashi yana cewa "munka tai" da "wanga" da "mi kaka so", ranar jarrabawar Hausa sai a ce masa ya rubuta "muka tafi" da "wannan". Ba wanda zai ce Sakkwatanci gurɓatacciyar Hausa ce, manazarta ma na ganin ya riƙe tsofaffin siffofin harshen da wasu karuruwan suka zubar. An dai zaɓi kari ɗaya ne don rubutu ya zama bai ɗaya. Haka daidaitaccen Turanci yake: zaɓaɓɓen salo ne na takarda, ba ma'aunin basira ba.

Inda kuskure ba ya cin kowa

Yawancin hulɗar yini a garin nan ma ba da Turanci ake yin ta ba. Daga kasuwar Kara zuwa tashar mota, daga mai shayi zuwa ɗan acaɓa, Hausa ce. Dillalin albasa daga Gada ko Wurno da ke magana da abokin cinikinsa na Anaca ko Legas, da buroka suke gamawa, a loda tirela ta miliyoyin naira ba tare da an tambayi kowa inda ya sa waƙafi ba. Saƙon WhatsApp tsakanin abokai, gaisuwa, barkwanci, "off the fan" da ake ce wa yaro: mai ji yana gabanka ko yana iya sake tambaya, ya san ka, ya san zancen. A nan mai gyara wa mutane Turanci ba taimako yake yi ba, neman a san da shi yake.

Inda harafi ɗaya ke tsayar da rayuwa

Labari na sauyawa da zarar rubutu ya bar hannunka ya tafi wurin wanda bai san ka ba, ko wurin na'ura, wadda ba ta san uzuri ba.

A fara da suna. Muhammad, Mohammed, Muhammed, Muhammadu: mutum ɗaya ne a unguwa, amma mutum huɗu ne a kwamfuta. Malamin firamare ya rubuta ɗaya, mai rajistar WAEC ya rubuta wani, yaron shagon intanet da ya cike fom ɗin katin ɗan ƙasa ya rubuta na uku, banki kuma ya ɗauki na huɗu a BVN. Tun 2021 JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da lambar NIN, kuma daga can take jawo sunansa. Ranar tantance takardu a jami'a, ko wurin ɗaukar aiki, ko lokacin neman fasfo na Hajji, sai a ce sunaye ba su zo ɗaya ba. Daga nan sai kotu a yi takardar rantsuwa, sai buga sanarwa a jarida, sai layin ofishin gyara, ga kuɗin mota daga ƙauye ana ta kai-komo. Sunayen garuruwanmu ma haka: Acida da Achida, Wamakko da Wamako, ga shi Sakkwato kanta ta koma Sokoto a bakin Bature ta zauna haka a takarda. Wannan shi ne kuskuren rubutu mafi tsada ga talaka a yau, kuma ban taɓa ganin an yi wa kowa dariya a kansa a Facebook ba.

Ranar haihuwa ma tana da nata tarkon. Mu muna bin tsarin Ingila, rana kafin wata. Fom ɗin da aka tsara a Amurka wata yake sawa kafin rana. Wanda ya rubuta 03/04 yana nufin 3 ga Afrilu, na'ura na iya karanta masa 4 ga Maris.

Sai lambobi. Ɗigo da waƙafi a cikin lissafi ba ado ba ne. A Najeriya 1,500 dubu ɗaya da ɗari biyar ne, 1.500 kuwa ɗaya da rabi. Ka tsallaka Illela ka shiga Ƙonni, inda boko na Faransanci ne, sai abin ya juye: waƙafi ne ke raba cikakkiyar lamba da gutsurenta, ɗigo ko tazara ke raba dubbai. Ɗan kasuwar da ke karɓar rasit daga ɓangarorin biyu ya san wannan ko da bai taɓa jin sunan nahawu ba. A asibiti abin ya fi haka haɗari. Dalilin da ya sa ake koya wa ma'aikatan lafiya su rubuta 0.5 maimakon .5 shi ne ɗigon na iya ɓacewa a ido, a ba majiyyaci ninki goma na maganin da aka nufa.

Waƙafi kansa ya taɓa kai mutane kotu. A jihar Maine ta Amurka, direbobin wani kamfanin madara mai suna Oakhurst sun nemi kuɗin aikin da suka yi bayan lokacin tashi. Dokar jihar ta jera ayyukan da ba a biyan irin wannan kuɗi a kansu, amma babu waƙafi kafin abu na ƙarshe a jerin, sai jimlar ta ɗauki ma'ana biyu. A 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta ce tun da akwai shubuha, a fassara ta yadda za ta amfani ma'aikata, a 2018 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 5. Mu nan ba mu kai can ba, amma takardar cinikin fili a Arkilla ko Mabera, yarjejeniyar haya, takardar bashi, duk da Turanci ake yawan rubuta su, kuma mai dangwala hannu sau da yawa bai karanta ba. A manyan kotuna Turanci ne harshen shari'a, takardar Hausa sai an fassara ta kafin a yi aiki da ita. Abin da aka rubuta shi alƙali zai duba, ba abin da ke zuciyar mai fili ba.

Kada a ɗauka Turanci kaɗai ke da wannan. Wanda ya rubuta "ya bata kudi" a waya, ya bar mai karatu cikin duhu: ya ba ta kuɗi ne, ko ya ɓata kuɗi? Tazara ɗaya da lanƙwasa ɗaya ce tsakanin kyauta da almubazzaranci. Abin mamaki, da yawa cikin masu farautar kuskuren Turancin mutane haka suke rubuta Hausarsu.

Jarrabawa da neman aiki

A nan babu zancen ra'ayi, doka ce. Ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci. A jarrabawar JAMB kowa sai ya yi Turanci, tambaya 60 cikin 180, ko likita zai zama ko malamin Larabci. A insha'in WAEC ana ware maki 10 cikin 50 don tsabtar rubutu, ana cire rabin maki kan kowane kuskuren nahawu ko harafi ko alama, wato kuskure ashirin ya cinye kason gaba ɗaya. Amma a duba sauran maki 40 ɗin: suna kan abin da ɗalibi ya faɗa, yadda ya tsara shi, da yadda ya bayyana shi. Ko masu jarrabawar ba su ɗauki tsabtar rubutu a matsayin komai da komai ba.

Nauyin wannan darasi ɗaya ya fito fili a watan Agustan 2025. WAEC ta fara sanar da cewa kashi 38.32 cikin ɗari ne suka samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Bayan 'yan kwanaki ta ce an samu tangarɗa wajen makin takardar Turanci ta canki-canka, ta gyara, adadin ya koma kashi 62.96. Cikin ɗalibai kusan miliyan biyu, makomar kusan kashi ɗaya cikin huɗu ta rataya a kan gyaran takarda guda.

Wajen neman aiki kuwa, jami'in da ke gaban tulin takardu ɗari biyar dalilin rage su yake nema. Wasiƙar da ta fara da kuskure a layin farko ta ba shi dalilin. Ba adalci ba ne a kowane lokaci, don mai gyaran janareto ba da waƙafi zai yi aiki ba, amma haka ake yi, kuma ɓoye wa matashi wannan gaskiyar cutarsa ce.

Abin da kowane ɓangare ke riƙe da shi

Masu tsanantawa na cewa ɗan Arewa na gogayya da ɗan Kudu a kan gurbi ɗaya, kuma duk sassaucin da muka yi wa kanmu a can za a cire mana shi. Suna da gaskiya. Sashe na 55 na tsarin mulkin 1999 ya ce da Turanci za a gudanar da harkokin majalisar tarayya, Hausa da Ibo da Yarbanci sai an yi tanadin da ya dace, tanadin da har yau ba a gani ba. Inda suke kuskure shi ne hanyar gyaran. Tozarta mutum a bainar jama'a bai taɓa koya wa kowa nahawu ba. Abin da yake haifarwa shi ne ɗalibar da ta san amsa amma ba za ta ɗaga hannu ba, da wakilin da zai zauna shekara huɗu a zauren majalisa bai buɗe baki ba don tsoron a yanki bidiyonsa a yaɗa. Mazaɓarsa ce ta yi asara.

Masu sassautawa na cewa Sin da Japan da Turkiyya sun ci gaba da harsunansu. Haka ne, amma su da harsunan nasu suke rubuta dokokinsu da littattafan likitanci da takardun banki, kuma suna tsananta ƙa'idar rubutunsu matuƙa. Mu ba mu gina wannan da Hausa ba tukuna. Sau da yawa kuma mai faɗin "Turanci ba komai ba ne" nasa 'ya'yan suna makarantar kuɗi, inda ake koya musu shi tun daga nazare. Ɗan talaka da ya ɗauki maganar da gaske shi zai tsaya a bakin ƙofa.

Waya za ta raba gardama?

Ta rage wani abu. Manhajar gyaran rubutu na ja wa kalma jan layi, manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin ChatGPT kuma na iya mayar da wasiƙar da ta karkace ta zama santala cikin daƙiƙa. Ga mai ƙaramar sana'a da ke son rubuta wa kamfani, wannan sauƙi ne babba. Sai dai na'ura ba kullum take kama kalmar da aka rubuta daidai a wurin da ba nata ba, kamar "there" a madadin "their", kuma takan "gyara" sunan Bahaushe ta mayar da shi wata kalma dabam. Wanda bai iya karanta abin da aka rubuta masa ba, bai san ko an faɗi abin da yake nufi ba. Wani sakamakon kuma: da ana gane saƙon 'yan damfara da kwaɓaɓɓen Turancinsa, yanzu saƙon "an rufe asusunka, turo lambar sirri" na zuwa tsaf babu kuskure ko ɗaya. Tsabtar Turanci ta daina zama shaidar cewa daga banki saƙo ya fito.

Me sabon tsarin zai jawo wa ɗan firamare?

Hujjar gwamnati ita ce yara na faɗuwa jarrabawa a yankunan da aka fi koyarwa da harshen gida. Masu suka na cewa tsarin 2022 bai ma fara aiki sosai ba balle a ɗora masa laifi, don ba a buga littattafai ba, ba a horar da malamai ba. Masana koyon karatu da dama, har da hukumar UNESCO, sun daɗe a kan cewa yaron da ya fara iya karatu da harshen da yake ji ya fi saurin ɗaukar harshe na biyu.

Ko wanne aka bi, tambayar na komawa kan wanda ke riƙe da alli. A 2017 jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa kai makin da aka gindaya. Sakkwato ma ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, alamar cewa ciwon ba na jiha ɗaya ba ne. Malamin da shi kansa bai samu wanda ya koya masa Turanci da kyau ba, in aka ce lallai da Turanci zai koyar da lissafi a ƙauyen Tangaza ko Isa, abu biyu ne zai faru. Ko dai ya rubuta Turanci a allo yara su kwafa su haddace ba su san me suka rubuta ba, ko kuma ya ci gaba da bayani da Hausa kamar yadda ya saba, ya koma Turanci ranar da mai duba makarantu ya zo. Iyayen da ke da hali za su ƙara kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kuɗi na cikin gari, sauran kuma su isa aji shida da Turancin da aka kwafa daga allo da Hausar da ba a taɓa koya musu rubuta ta ba.